Mai Riƙon Gora Yana da Kunne

"...da gajiyar hanya? To madalla. Kai bawana, mi ac cikin buhun ga da kaka rungume da shi, wayam kamar cikinka?"

"Tsarabakka ta, ubangidana. Iskar Tsibiri nic ciko maka, an ce min taku ta ƙare."

Haka Yaya Kalilu ya tarbi Jibrilla a zaurenmu na Sabon Birni. Jibrilla ɗan gwaggonmu Inno ne, wadda aka aurar a Tsibiri ta Nijar, ƙetaren iyaka. Shi ɗan mace, mu 'ya'yan namiji, don haka tun muna yara bawanmu ne, kuma duk abin da bakinsa ya ɗauko ba a fushi. A shekarar farin nan ne da gero ya bushe a tsaye. Ina ganin buhun na san abin da ya kawo shi, na kuma san haka zai koma da shi, domin Jibrilla ya gwammace ya ci ƙasa da ya roƙa. An taɓa aika masa hatsi, ya koro jakin da kayansa. Ga Inno tsohuwa, ga yara. Taurin kan nan nasa yana ba ni haushi har yau.

Yaya Kalilu mai gyaran rediyo ne, yana da wata talabijin baƙi-da-fari da ke aiki da batirin mota. Eriyarta a kan doguwar gora take a bayan zaure. In an juya ta yamma sai ta kamo Sakkwato, in an juya gabas ta kamo Nijar, kuma dole wani ya riƙe ta don iska. Lokacin ana wasannin Olamfik a Amurka, bayan la'asar ake nuno su. Ni na fara riƙon gorar, ina leƙe ta taga.

Aka nuno tsere. Daga ɗaura takalmi har shan ruwa, ɗan Nijeriya kaɗai muke gani. Jibrilla ya dubi Yaya.

"Wanga mai ɗaukar hoto ƙanen babanku na? Mutane sun kai, sun huta, wasu har sun yi aure, shi ko yana nuna muna ɗan gidanku na nan tahe."

"Tarbiyya ta. Namu ba shi wuce manya."

"To wa yac ci?"

"Ina ruwanka da baƙo? Tani, juya muna gabas mu ga nasu."

Na juya. Sai ga 'yan wasan Nijar mutum huɗu da tuta suna ɗaga hannu. Yaya ya ce tun shekaranjiya ake nuno su suna yawo da tutar nan, ko akwai lambar da ake ba wanda ya fi zagaye? Jibrilla ya ce ai sauran ƙasashe ne suka roƙi kada su shiga wasa, don kowa ya samu rabonsa. Daga nan aka koma kan wasu Faransawa masu tsokanar juna da siraran takubba.

"Waɗanga masu tsinken tsire, su ma 'yan Tsibiri na?"

"Barorinmu na. Mu munka aike su."

Da aka nuno ninƙaya kuwa, duk muka zuba wa ruwan ido. Jibrilla ya ce a faɗa wa yaran nan su fito haka nan, shanu na jin ƙishi. Muka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba.

A nan Yaya ya murza eriya yamma da kansa, ya ce akwai sauran tsere guda. In namu ya ci, malfar Jibrilla ta zama tasa, ya koma Tsibiri rana na gasa masa sanƙo. In bai ci ba, Jibrilla ya shiga rumbu ya cika buhunsa.

"Amma kai za ka riƙon gora. Aikin bayi na."

"In riƙe gora kai ka gaya min sakamako? Kai da ko sallama kay yi sai na leƙa na ga ko kai na?"

"Ga Tani shaida."

"Kura shaidar kura."

Ya dai fita yana mita, ni na shigo, Yaya ya tura taga ya rufe. Aka jera masu gudu, namu ya cika allon kamar shi kaɗai aka haifa. Ana harba bindiga batir ya mutu. Hoton ya tsuke ya zama ɗigo, ya ɓace. Yaya ya dube ni, na dube shi. Sai ya ɗaga murya.

"Ga shi nan gaba. Riƙe da kyau, bawa. Kai, kai, ya yi tuntuɓe. Ya hwaɗi! Wani Bature ya tsallake shi."

Ban san lokacin da na ce har takalminsa ɗaya ya tashi sama ba. Yaya ya ce ga wata tsohuwa mai shara ma ta wuce shi. Kafin Jibrilla ya zagayo, Yaya ya rufe talabijin da zane, wai ba zai iya kallon abin kunya ba.

Jibrilla ya jefa malfa sama, ya yi rawa a tsakar zaure, ya ce a kawo tsani. Ni na riƙe masa bakin buhu yana ɗura gero yana zagin rumbunmu, wai ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye. Yaya na tsaye yana cewa an cuce shi, a danna da kyau tunda abin ya zama haka.

Da ya saɓa buhun ya kai ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Ubangidana, in ka kai batir caji, ka gaishe min da mai hwaɗuwa. Kuma gobe in za ka ƙarya, ka tuna mai riƙon gora na da kunne."

Yaya ya yi dariya har ya dafa bango. "Tahi, bawan banza. Ka ce ma Inno tsere bai ƙare ba, akwai wani ranak kasuwa. Ka taho da buhu."