Tagar da na ga teku

"Lafiya lau, maigida. Yau kuma me ka zo ci?"

Haka na amsa gaisuwar jikana, babban ɗan 'yata ta fari, ranar da ya shigo min ɗaki da hantsi riƙe da waya. Shi zai raka ni wurin autata, can tsallaken teku, tafiyar yini guda a jirgin sama. Ni kuwa tunda aka kankare min yanar ido bara, ba abin da nake so in gani kamar tekun nan. Na tsufa ina jin labarinsa a bakin mutane.

Ya ce, "Kujera na zo ki zaɓa, amarya. Ga cikin jirgin nan a waya."

Na ce, "Taga nake so. Ka sa ni tsakiyar jirgi, kada ka kai ni baya, kada ka ɗora ni kan taya."

"Wace taya kuma? Kin ɗauka motar kasuwa ce?"

"Shekara talatin ina fatauci a mota, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Baya girgiza, gaba zafin inji."

"To, tagar tsakiya kan fiffike take. Yini guda za ki yi kina kallon faifan ƙarfe, ki dawo ki ce wa mutane teku fari ne, har da ƙusoshi."

Wannan kam ya kama ni, amma ban nuna masa ba. Na ce, "Gwada ka nake. Matsar da ni bayan fiffiken."

Ya danna. "Ga wata a hagu."

"Tsaya. Ina jirgin zai dosa?"

"Kudu."

"Yaushe za mu hau kan ruwan?"

"Kamar war haka."

Sai na miƙe, na fita tsakar gida, na juya fuskata kudu, na buɗe hannuwa biyu. Ya biyo ni yana ƙyaƙyata dariya.

"Kaka, tun daga nan za ki tashi? Ki bari in ɗauko miki jaka."

"Rufe baki ka duba. Wane hannu rana ta dafa?"

"Hagu."

"To nan kake so ka ajiye ni in gasu, da idon da likita ya sha wahala a kansa? Dama nake so."

Ya duba wayar, ya sosa ƙeya. "Taga ɗaya ta rage a dama. Kuma miji shi ke zama bakin taga."

"Mijin da na yi wa wanka a kwano?"

"Ke da ke tashi bayi sau bakwai kafin la'asar? Duk tashi sai kin tattaka mutum biyu."

"Zan daina shan ruwa tun jajibiri."

"Kina ganin gajimare za ki ce a buɗe miki ki shanya zani."

"Kai dai ka ji da waɗannan ƙafafun naka kamar tabarya. A lungun taga ina za ka kai su? Sai dai a naɗe ka a sa cikin kaya."

"Sau tara ina shiga jirgi, tsohuwa."

"To me ka gani sau taran?"

Ya ce wai gajimare. Na ce gajimare ko daga bakin rijiya ina ganinsa. Ya dai danna min kujerar yana gunaguni, wai ya bar min ne don kada in kai ƙararsa wurin uwarsa.

Ranar tafiya, jirgi na ɗagawa na ji an damƙe min gefen mayafi. Na waiga, sai ga mai sau tara ya runtse ido, bakinsa na motsi. Ashe bawan Allah bai taɓa leƙa taga ba.

Can rana ta ɗaga, mutanen hagu duk suka ja marfin tagoginsu, haske ya dame su. Ni kuwa tawa tas. Ƙasa ta ƙare kamar an yanke ta da wuƙa, sai ruwa, shuɗi, shuɗi, har inda idona ya tsaya. Ga wani jirgin ruwa can ƙasa kamar ƙwayar shinkafa yana jan farin zare. Na manna goshi a gilashi har ya yi sanyi.

Na zungure shi. "Maigida, tashi ka ga faifan ƙarfenka."

Ya buɗe ido ɗaya, ya leƙa ta kan kafaɗata, ya yi maza ya rufe. "Na gani. Da kyau."

"In matsa maka? Ai miji ke zama bakin taga."

Ya fashe da dariya, idon dai a rufe. "Na bar miki har abada, Kaka. Dawowa ma ke za ki zaɓa. Ki dai bar min mayafin nan."

Na ɓare alewar da ma'aikaciyar jirgi ta ba ni, na tura masa a baki, na koma ga ruwana.