Kwaɗon da Ya Gagari Hukuma

Jama'a, yau da safe matata ta shanya wandona na fita kunya a baranda, kuma tun daga lokacin babu wanda ya bi ta ƙasan benenmu bai ɗaga kai ba. Wandon a da ruwan toka ne. Yanzu kore ne shar daga gwiwa har ƙugu, kananzir ya yi iya yinsa ya haƙura. Maƙwabcina Arkadi Lukich, wanda bai taɓa barin mutum ya sha shayinsa cikin kwanciyar hankali ba, ya leƙo daga tasa barandar, ya kira ni da sunan mahaifina kamar kullum.

"Kuzmich, yawon buɗe ido ka je, ko aikin fenti ka samu a can?"

Na ce, "Tsarabar hukuma ce, maƙwabci. Kyauta ake rabawa, kai ma je ka karɓo taka."

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Shekara ashirin ke nan da na auri Taya. Bayan biki muka tafi wani birni a bakin kogin Volga, wanda ba zan kama sunansa ba, don ina so in ci gaba da karɓar albashina lafiya. Kamar kowane ango da amarya, muka je gadar masoya don mu kulle kwaɗo a jikin ƙarfenta mu jefa makullin a ruwa. Sauran angwaye sun zo da 'yan kwaɗuna jajaye masu siffar zuciya. Ni kuwa, makanikin bas mai aljihu fayau, na zo da kwaɗon garejin mahaifina, baƙi ƙirin, mai nauyin dutsen guga. Da ƙusa na karce sunayenmu a jikinsa. Taya ta yi kuka a ranar, kuma ba kukan daɗi ba ne.

Tun daga nan, duk faɗan da za mu yi da shi take rufewa: "Me za a jira daga mutumin da ya kulle soyayya da kwaɗon gareji?" Amma duk lokacin da auren wata ƙawarta ya mutu, sai in ji ta tana wanke kwanoni tana cewa ƙasa-ƙasa, "Namu dai yana nan." Kowace shekara ina yi mata alkawarin zan mayar da ita ta gan shi, kowace shekara gonar dankalinmu ta bayan gari tana cinye hutun. Bana ta ajiye akwati a bakin ƙofa.

"Fima, zaɓi ɗaya. Ko ka kai ni in ga kwaɗona da idona, ko akwatin nan ya kai ni gidan yayata, ka zauna ka auri dankalinka."

Alkawari kaya ne, nawa kuwa ya daɗe yana danne min wuya. Na so mu tafi a tsohuwar motata. Na shiga layin mai da sassafe, na zauna har na haddace sunayen jikokin mutumin da ke gabana. A rediyo Mai Girma Sarkin Wadata yana ta bayanin cewa mai ya yi yawa a ƙasa har an rasa inda za a zuba shi. Gaskiyarsa, don ko a tankina ba a samu wurin zubawa ba. Sai muka yanki tikitin jirgin ƙasa. Taya ta dafa kaza da ƙwai, muka ɗan zauna shiru a kan akwati kafin fita kamar yadda aka saba, Arkadi Lukich ya shigo ya zauna tare da mu ba gayya, ya karya shirun da cewa kada mu manta masa busasshen kifi.

Muna sauka daga jirgi warin fenti ya tarbe mu tun kafin ƙaton allon da ke cewa birnin masoya na maraba da mu. Ashe jibi Babban Baƙo zai zo daga sama. An shafe gefen titi, an shafe gindin itatuwa, an shafe kwandunan shara har ba a yarda ka jefa shara a ciki ba. Wallahi na ga mutum yana fesa wa busasshiyar ciyawa kore, cikin natsuwa, kamar mai ba jariri magani. Na riƙe hannun Taya da kyau, kada mu tsaya wuri ɗaya mu ma a shafe mu.

A otal, matar da ke karɓar baƙi ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Babu ruwan zafi. Gyaran bututu na shekara."

"Sai yaushe, baiwar Allah?"

"Sai Babban Baƙo ya iso."

"Au, nan zai sauka?"

Sai a lokacin ta dube ni, irin kallon da ake wa wanda ya taho daga ƙauye a ƙafa. "Nan? Kai dai ga butar lantarki, ga roba. Kada ka jona butar tare da talabijin, wutar benen duka za ta ɗauke."

Washegari muka bi ayarin masu yawo a bayan wata yarinya mai suna Ilona, tana ɗaga lema tana zuba tarihi kamar famfo. Ta kai mu gaban tsohuwar hasumiyar birnin, ta ce mu ɗauki hoto. Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa. Wani makeken tampol ne aka rataya tun daga sama har ƙasa, an buga hoton hasumiyar a jikinsa, har da tagogi da agogo da tattabara ɗaya.

"'Yata, ina hasumiyar?"

"Ga ta a gabanka, baba."

"Wannan ai hotonta ne."

"Ita ma tana nan a baya, ana gyara ta tun ina makarantar firamare. Kuma ai hoton ya fi ta kyau, ba ya zubar wa mutane bulo a ka."

Iska ta ɗan ɗaga gefen tampol ɗin, sai ga wani bawan Allah zaune a kan katako yana cin burodi. Ya ɗaga mana hannu, mu ma muka ɗaga masa. Ni dai na jinjina wa Ranka Ya Daɗe Uban Gyara. Wasu shugabannin sai su ɓata shekaru suna gyaran gini, shi kuwa ya gano cewa ido kawai ake gyarawa.

Gidan tarihi kuma a kulle muka same shi, wai ranar tsafta ce. Wata tsohuwa ta yi mana magana ta bayan ƙofa.

"An rufe! Ba ku iya karatu ba ne?"

"To gobe fa, inna?"

"Gobe masu duba tsaftar yau za su zo."

Ni ina ta ƙyaƙyata dariya, Taya kuwa ko a jikinta. Ta saka shuɗiyar rigarta ta zuwa biki, ta rungume jaka, abu ɗaya take maimaitawa: "Gada, Fima. Gada." Muka sulale daga ayarin muka gangara bakin ruwa. Tun daga nesa na ga gadar tana ƙyalli, kore shar. A da ba ka ganin ƙarfenta don yawan kwaɗuna. Yanzu fes take, ko ɗaya babu.

A ƙarshen gadar wani saurayi na tsugune da bokitin fenti. Taya ta nufe shi.

"Ɗana, ina kwaɗunan da ke nan?"

"An yanke su, inna. Umarni daga sama. Wai nauyinsu zai karya gada."

"Aka kai su ina?"

"Masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe. An ce za a narka a yi wa soyayya mutum-mutumi, har an kafa kwamiti." Ya nuna da buroshi. "In kuna so, ga bishiyar ƙarfe can an kafa, ga shago a gefenta. Nan ake sayar da kwaɗon da hukuma ta amince da shi, duk girmansu ɗaya. An ma riga an rataya wasu da sunaye, don kada Babban Baƙo ya ce ba a soyayya a garin nan."

Na shirya wa ihu, don na san matata. Ba ta yi ba, kuma shi ne ya tsorata ni. Ta tsaya tana kallon ruwa, ta ce a hankali, "Shi ke nan. Mun makara, Fima. Da bara ka kawo ni."

Shekara ashirin matar nan tana jingine da wani baƙin ƙarfe a garin da ba nata ba, ni kuma ina ta haƙar dankali. Don wauta na ce ko in sayo mana sabo a shagon. Ta dube ni sau ɗaya, na gwammace da mari ta yi min. Kunya ta ishe ni, na juya na jingina da ƙarfen gadar don kada ta ga idona, na manta fentin ɗanye ne. Ina matsawa sai gwiwata ta daki wani abu, ƙum! Sai da na ga taurari da rana tsaka.

Na durƙusa ina riƙe da ƙafa, sai ga wani ƙullutu kore, ƙato, maƙale a can ƙasa, an yi masa fenti ya saje da gadar. Saurayin ya fashe da dariya.

"Au, baba, kai ma ya same ka? Wannan ɗan banzan ai ya gagari kowa! Ya cinye mana zarto, ya karya almakashin ƙarfe, har wani ma'aikaci ya gurɗe hannu a kansa. Shugabanmu ya ce a shafe shi kawai, Babban Baƙo ba ya kallon ƙasa. Ban san wane mahaukaci ne ya kulle soyayya da kwaɗon gareji ba."

Taya ta ture ni gefe, ni da gurguwar ƙafata. Ta zare abin kama gashinta ta hau kankara. Fenti na tashi, sai ga rubutun ƙusa, karkatacce kamar tafiyar kaza: Taya, Fima. A wuyan kwaɗon ga sawun zarto nan birjik, ko rabi bai ci ba.

Jama'a, ban san lokacin da na fara rawa a kan gadar ba, ƙafa ɗaya a sama, wando na ɗigar kore. Taya ta kama kwaɗon da hannu bibbiyu tana dariya tana hawaye, shuɗiyar rigar biki ta sha fenti, ita ko oho. Wasu masu wucewa suka tsaya suna tafi, ba su ma san dalili ba.

"Inna, kin ɓata min aiki!" in ji saurayin.

Ta buɗe jaka ta miƙa masa cinyar kaza. "Ci, ɗana, ka shafe abinka. Na ga abin da na zo gani."

Sannan ta shafa sawun zarton da yatsa, ta juyo gare ni. "Kai da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ni ma shekara ashirin ina goga maka zarto ban ci komai ba. Ashe fenti ya kamata in saya."

Mun dawo gida ba mu ga hasumiya ba, ba mu shiga gidan tarihi ba, ba mu yi wanka da ruwan kirki ba, kifin Arkadi Lukich ma mun manta, yana can yana gaya wa duk benen cewa ni ba mutumin arziki ba ne. Akwati ya koma saman kabad. Na ce a jefar da wandon, Taya ta ce wanda ya taɓa shi zai gamu da ita.

Saboda haka ina miƙa godiya ga masu girma na wancan birni, Allah ya ƙara musu fenti. Ina kuma sanar da su cewa kwaɗon nan biyu mahaifina ya saya, ɗan'uwansa na nan a gareji. In suna neman abin kulle baitulmali, zan bayar kyauta. Makullin dai ni zan jefa a Volga da hannuna.