Sabitu Baƙin Allo da Littafin Baba Lawandi

Wani mutum ne a Samaru, Sabitu, amma kowa Baƙin Allo yake kiransa. Shi dai ba ya taɓa maus, wato linzamin kwamfuta. Wai maus na ragwaye ne da masu koyo. Da ya zauna gaban kwamfuta sai ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya hau dukan madannai, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ruwan sama a kan kwano. In ka ji cika bakinsa, sai ka rantse shi ya raɗa wa kwamfuta suna.

To akwai Baba Lawandi, tsohon direban jirgin ƙasa, uban Hansai da Sabitu ke nema. Tsohon ya rubuta tarihin rayuwarsa kaf, aka buga masa a kwamfuta. Sai dai masu bugun sun yi aika-aika: wani ya danna tab, maɓallin nan mai barin babban giɓi, wani ya jera sarari, layuka suka zama kamar haƙoran tsohuwa, nan giɓi can giɓi. Maɗaba'a ta ce sai an daidaita.

Sabitu ya ji labari. Ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, yau zai sayi zuciyar suruki. Ya ɗauko tsohon har shagon Hajiya Tabawa, inda shi Sabitun yake aiki, ya tara 'yan kallo.

"Baba, kwantar da hankalinka. Layi ɗaya zan rubuta. Kafin ka ce kwabo, duk tab ya koma sarari."

Ya juye fayil daga filas ɗin Baba, 'yar na'urar da aka adana littafin a ciki, zuwa kwamfuta. Hajiya ta leƙo.

"Injiniya, cire filas ɗin nan ka ba mai shi."

"Haba Hajiya! Kura ake koya wa cin ƙashi?"

Ya murza yatsu, ƙas-ƙas. Ya rubuta tr, umarnin musanya haruffa, ya sa sunan fayil, ya sa 'yar kibiyar da ke nuna inda za a zuba sakamako, ya sake sa sunan fayil ɗin dai. Ya daki maɓalli, tau! Ya harɗe hannuwa.

"Buɗe ka sha kallo, Baba."

Aka buɗe. Fari fat! Ko ɗigo babu.

Ashe ita kibiyar nan halinta ke nan: kafin a zuba komai, sai ta fara kwashe mazubin tas. Shi kuma gogan ya ce nan za a ɗebo, nan za a zuba. Kamar ka ce a wanke maka tukunya kafin a juye miya, alhali miyar tana cikinta.

Baba ya gyara tabarau. "Ɗan nan, idona ne, ko rubutun ya tafi sallah?"

Gumi ya karyo wa Sabitu, amma girman kai ya hana shi tsayawa.

"Kwamfutar Hajiya ce ke da cuta. Umarnina ba ya kuskure. Bari in yi a kan filas kai tsaye ku gani."

Hajiya ta ce, "Kai, Sabitu, kada ka..."

Tau!

Filas ma fari fat.

Can wani daga baya ya ce, "Gaskiya babu sauran giɓi." Aka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki.

Sabitu ya durƙusa. "Baba, ai takardun da ka rubuta da hannu suna nan ko?"

"Waɗanne? Ba kai ka ce takarda kayan mutanen da ce, kwamfuta ba ta mantuwa ba? Na ba Mati mai tsire yana ƙunshe nama. In kana son ganin Hansai, ka kawo mini littafina."

Da la'asar sai ga Injiniya tsugune a gindin tukubar Mati, yana tsintar takardu masu maiƙo, yana karkaɗe yaji, 'yan unguwa na tsaye suna yi masa sannu da aiki.

"Malam Mati, don Allah, babin da jirgi ya kauce a Kafancan fa?"

Mati ya juya tsire, ya ɗan yi tunani.

"Mai labarin gada? Kai, ya yi daɗi! Kai ma ka saye shi shekaranjiya, da ƙarin albasa."