Baffan Hadiza a Cikin Lifta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata, wata huɗu da kama aikina a wani dogon bene a Kano. Ni ɗan Karaye ne, inda gaisuwar kan hanya ma sai an tambayi har awakin gida. Amma birni ya koya min sabuwar wayewa: in ka shiga lifta ka ɗaure fuska, ka ƙura wa lambobi ido, kada ka ce wa kowa ci kanka. Na riƙe darasin har na fi malamaina iyawa.

A lokacin an kai gaisuwar aurena gidan su Hadiza a Rogo, saura iyayenta su gama bincike a kaina a sa rana.

Ƙofar lifta na shirin rufewa wani dattijo ya faɗo ciki, riƙe da ƙullin gyaɗa. Ya yi sallama. Mu biyar ne, ba wanda ya amsa (ni dai na motsa leɓe, wai na fita haƙƙinsa ke nan). Ya dube ni ya ce, "Samari, an tashi lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya," na ce, ina latsa waya.

Da muka yi sama ya dafe bango yana salati. Na ƙunshe dariya, har da ƙifta wa na kusa da ni ido.

"Don Allah ɗana, yaya zan yi in sauka hawa na shida?"

"Baba, ba ga lambobi nan a gabanka ba?"

Tare muka sauka, don nan ne ofishinmu. Ya tsaya gaban masinjanmu ya ce daga Rogo yake, yana neman wani yaro ɗan Karaye mai neman auren 'yar ƙaninsa Hadiza. Masinja ya nuna ni. "Ai ga shi nan, tare kuka hawo."

Wallahi ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. "Baffa sannu da zuwa, ya hanya, ya mutan gida, ya aikin gona..." Ya bar ni na zuba har na gaji.

"Lafiya lau," ya ce. "Da na zo in tambayi abokan aikinka halinka ne, to ka hutar da ni."

Ya miƙa wa masinja gyaɗar da aka ƙullo domina, ya ce a nuna masa matakala.

Bayan sati biyu aka dawo mana da kayan gaisuwa. Mahaifina bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko a can birnin kuɗi ake biya kafin a amsa sallama. Na fi wata ban iya haɗa ido da shi ba, kuma har yau abin yana ci na.

Na dai koyi cewa mai bincike ba ya rataya allo a wuya. Yanzu duk wanda na tarar a lifta sai na gaishe shi har da tambayar iyali, suna kallona kamar mai shirin roƙo. Ladabin ya zo, sai dai ya makara. Hadiza ta auri wani, yanzu 'ya'yanta biyu a garin Ruwan Bago.