Yadda Za Ka Shigar da 'Yarka Jami'a Ba Tare da Ta Buɗe Baki Ba

Kai uba, matso kusa. Annoba ta rufe makarantu, dokar kulle ta tsare ka a gida, 'yarka tana ajin ƙarshe na sakandare tana karatu ta kwamfuta, kai kuma hankalinka ya ƙi kwanciya. Yaya za a yi ta sami gurbi a jami'a? To share guminka, ka faɗo hannun gwani. Ni da kake ji shugaban sashe ne a wani kamfanin jigilar kaya, na saba sa ido a kan manyan direbobi masu gemu, balle yarinya ɗaya. Da wannan hanyar na shigar da tawa, tana can yanzu haka. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawarin 'yarsa za ta bar gida. Wannan kam ko shakka babu.

Mataki na 1: Ka zaɓa mata sana'a tun ba ta san damanta da hagunta ba

Tawa tun tana rarrafe nake kiranta Dakta. Dangi suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har malamanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ka kuskura ka tambaye ta abin da take so. Tambaya ita ke jawo amsa, amsa kuwa ita ke jawo rigima. Idan jami'a ta ce a zaɓi fanni biyu, ka sa likitanci a na farko da hannunka. Na biyun ka bar mata, don a riƙa cewa kai uba ne mai sauraro. Tawa ta zaɓi ilimin tsirrai da ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Noma? A jami'a? Na ce ta sa, ai zaɓi na biyu ado ne kawai.

Mataki na 2: Ka mai da falo ofis, ita kuma ma'aikaciyarka

Tunda kamfani ya ce kowa ya zauna gida, ka rasa wanda za ka yi wa tsawa. Kada baiwar nan ta lalace a banza. Ka ɗauko teburinta daga ɗaki ka kafa a tsakiyar falo, ka ajiye kujerarka a bayanta, daidai inda za ta riƙa jin numfashinka a ƙeyarta. Yara suna samun natsuwa sosai da hakan.

Ka shiga darasi gadan-gadan. Wata safiya malamar lissafi ta jefo tambaya, aji ya yi tsit, ni kuwa na ga abin kunya ne a ce gidana ma ya yi shiru. Na faɗi amsa da ƙarfi. Ashe makirufon a buɗe yake.

Malamar ta ce, "Wane ne wannan sabon ɗalibin mai muryar magidanci? Ko wane ne dai, bai ci ba."

Dakta ta rufe fuska da littafi ta ce, "Baba, don girman Allah, ana jin ka."

In haka ta same ka, ka ce sabis ne ya cinye rabin amsar. A zamanin kulle, sabis shi ne ɗan gidan da ake ɗora wa kowane laifi, kuma bai taɓa musu ba.

Mataki na 3: Kada ka saurari uwarta

Wannan matakin yana da wuya, musamman in matarka irin tawa ce. Nas ce a asibiti, kowa Sista yake ce mata. A kwanakin annobar takan dawo da yamma, takunkumi ya bar mata shaida a karan hanci, ta wuce banɗaki ta yi wanka kafin ta amsa sannun kowa, sannan ta zauna can nesa da mu a bakin ƙofar kicin. Daga can take harbo magana.

"Baban Dakta, ka taɓa zaunar da yarinyar nan ka ji ta bakinta?"

Na ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, daga kan rimin naka ka hango cewa ko yanka ta yi a yatsa sai ta kau da kai? Yarinyar nan tana ganin yadda nake dawowa gidan nan. Ba ta son asibiti."

Ka ce mata gajiya ce ke magana. Ka ƙara da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karin magana maganin mace mai hujja ne, ko bai warkar ba zai ba ka damar barin wurin.

Mataki na 4: Ka taimaka mata da abin da ba ta nemi taimako ba

Kowace yarinya tana da abin da ke cinye mata lokacin karatu. Wasu waya ce, wasu barci. Tawa tumatir ne. Ta tara tsofaffin bokitan fenti a baranda, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa. Da an ba da hutun darasi sai ka gan ta can a tsugune tana juya ganye tana leƙa bayansa, kamar mai neman kuɗin da ya ɓata.

Hana ta kai tsaye ba dabara ba ce. Ka ce ka ɗauke mata ban ruwan, ta je ta yi karatu. Ni na karɓi aikin da zuciya ɗaya. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa, in na wuce ta wurin kuma in ɗan ƙara. Ganyen babban cikinsu ya fara yin ɗorawa, na ce ƙishirwa ce, na ninka masa. Ya sunkuyar da kai, na sake ninkawa.

Ranar da ya mutu, ta tuge shi ta kawo mini har falo. Saiwar ta yi baƙi tana wari. Ta ce, "Baba, ba ƙishirwa ce ta kashe shi ba. Saiwar ce ta ruɓe, ba ta samu ta sha iska ba."

Darasin da ke nan a fili yake: akwai tsiron da ba shi da godiya.

Mataki na 5: Ka shirya fage

Idan ta ci jarrabawa, saura abu ɗaya. Saboda annobar, jami'ar za ta yi ganawar ƙarshe ta bidiyo, malamai su yi mata tambayoyi su yanke hukunci. Nan ne gurbin yake, nan ne kuma ake rasa shi. Irin wannan babban al'amari ba a barin sa a hannun yarinya.

Fara da abin da za a gani a bayanta. Bango tsirara alamar gidan jahilai ne. Ka jawo kabad ɗin nan mai ƙofar gilashi, ka kwashe tangaran ɗin uwarta, ka aro manyan littattafai wurin maƙwabcinka mai kemis ka jera. Ba sai an karanta su ba, kauri ake so. Sannan ka goge gilashin. Ka goge shi da kyau. Ni na goge nawa har ina ganin haƙorana a ciki, kuma ina alfahari da hakan har gobe.

Sai amsoshi. Ka yanka kwalaye, ka rubuta su da manyan baƙaƙe. Jami'a za ta ce dole mai neman gurbi ta kasance ita kaɗai a ɗaki. Wannan dokar ta baƙi ce, kai kuwa uba ne. Ka tsaya a bayan kwamfutar kana fuskantar 'yarka, inda kyamara ba ta kaiwa. Tunda ba mai ganinka, ba sai ka wahalar da kanka da sa riga ba. Singileti ya isa.

Dakta ta ce, "Baba, in aka kama mu fa, ni za a kora."

Na ce, "Wa zai kama mu? Kyamarar ido gare ta a ƙeya?"

Mataki na 6: Ka ɗaga kwali da ƙarfin hali

Hantsi ya yi, fuskokin malamai suka bayyana a allo. Shugabarsu wata dattijuwar farfesa ce, muryarta a sanyaye. Ta ce, "'Yata, me ya sa kike son karatun likitanci?"

Na ɗaga kwalin farko. Dakta ta karanta: "Tun ina ƙarama nake mafarkin ceton al'umma." Ta karanta shi kamar mai karanta sammaci, amma dai ta karanta. Tambaya ta biyu ta wuce lafiya. A ta uku na ga ta yi shiru tana karkata kai. Na girgiza kwalin, na zare mata ido, na nuna shi da yatsa.

Sai na ji farfesar ta ce, "Dakata, 'yata. Bawan Allah da ke cikin gilashin kabad, mai singileti, kwalin naka ƙafa a sama yake."

Kada ka waiwaya. Ba kowa a bayanka, da kai ake.

Farfesar ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba: "Maganar likitanci ta ƙare daga nan, doka ce. Zaɓinki na biyu ma ban yi miki alkawari ba. Amma za mu saurare ki, in ɗakin ya koma na mutum ɗaya."

Dakta ta ɗago ta dube ni. Idanunta sun ciko. Ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baba, ka fita."

Ka fita da ƙasaita. Ka kwashi kwalayenka, kada ka bar shaida.

Mataki na 7: Ka laɓe a bayan ƙofa

An ce ka fita, ba a ce ka toshe kunne ba. Na manna nawa a jikin ƙofar. Sista ba ta da aiki ran nan, tana zaune a kan kujerar roba a lungun da ke zuwa kicin. Ko kallona ba ta yi ba.

Da farko jan hanci kawai nake ji. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ba ta iya magana ba sai da ni. Can sai farfesar ta ce, "Share hawayenki. Kin taɓa shuka wani abu?"

Wallahi muryar da ta biyo baya ban san ta ba. Ta yi bayanin ƙasar da ke riƙe ruwa da wadda ke sakin sa, ta faɗi dalilin huda gindin bokiti, ta ba da labarin ƙwarin da ke ɓuya a bayan ganye. Wani malami ya katse ta da tambaya, ta ba shi amsa, har ta yi masa gyara. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta kawo zancen tumatirin da ya ruɓe.

Farfesar ta ce, "Wa ya cika masa ruwa haka?"

Dakta ta ce, "Wani ne da yake so ya taimaka."

Na juyo na ce wa Sista a hankali, "Yaushe yarinyar nan ta koyi magana haka?"

Ta ce, "Haka take magana kullum. In ba ka nan."

Ka yi kamar ba ka ji ba. Ka ce wani abu ya faɗa maka a ido, ƙurar kwali ce.

Mataki na 8: Ka jira, sannan ka karɓi yabo

Malaman sun ce sai sun zauna sun duba ko za a yafe abin da ya faru. Makonnin da suka biyo baya, gidan ya yi shiru irin wanda kulle ma bai kawo ba. Dakta ta mayar da teburinta ɗaki. Tsakanina da ita sai "ina kwana, Baba" da "lafiya lau". Abinci ya daina yi mini daɗi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba, domin in suka ce a'a, shekara guda ta yarinyar nan ta tafi a kan singiletina.

Ranar da saƙon ya zo, ihun Dakta na fara ji, ta ruga ta wuce ni ta rungume uwarta. An ba ta gurbi a ilimin tsirrai da ƙasa.

Nan take ka ɗauki waya ka sanar da dangi. Ka ce da ma haka ka tsara, likitoci sun yi yawa a duniya, abinci kuwa kowa na ci. In wani ya tambayi batun gilashi, ka ce sabis ya ɗauke.

Mataki na 9: Ka raka ta mota

Da aka ɗage kulle aka buɗe jami'o'i, ta haɗa kayanta. Kafin mu fita ta ja hannuna zuwa baranda, ta nuna mini bokitan da suka rage.

"Na bar maka su, Baba. Amma ka ji, kafin ka zuba ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna. In da danshi, ka ƙyale su."

A tasha ta rungume uwarta, ta durƙusa ta yi mini sallama, ta juya. Na buɗe baki zan ce Dakta, sai na ji kalmar ta ƙi fita. Na kira ta da sunanta na gaskiya. Ya yi mini nauyi a harshe, don rabona da shi na manta. Ta waiwayo da sauri, ta tsaya tana kallona, sannan ta yi murmushi ta ɗaga mini hannu.

Ka ga ni? Na ce maka za ta bar gida.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa tas. Ba ruwansa da gurbin da aka rasa, ko littafin mai kemis da aka manta ba a mayar ba, ko matar da ke fashewa da dariya duk lokacin da ta ga singileti a kan igiyar shanya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Haka kuma ba shi da alhaki idan wata safiya ka tashi ka tarar kujerarka tana nan a falo ba kowa a gabanta, ka rasa wanda za ka taimaka wa, ka tsinci kanka a baranda da buta cike a hannu da yatsa a cikin ƙasa. Kada ka kira ni, ni ma ina tawa barandar. In ka ji danshi, ka ajiye butar.