Gaisuwar da Ta Daskarar da Siminti a Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gabatar da aikina na shekarar ƙarshe a jami'a a Gusau. Aikin a kan simintin ƙashi ne, wanda likitoci ke liƙa ƙugun ƙarfe da shi. Ana binne wani siririn zaren gilashi a ciki, haske na bi ta cikinsa, da an danne simintin sai layi ya motsa a kwamfuta. Zare ɗaya tak ya rage mana, kuma malamata Dakta Hafsatu ta ce in ya lalace sai dai in maimaita shekara. (Ta ja min kunne cewa simintin nan ba ya jira, na ce ai ni 'yar magini ce, a cikin siminti na tashi. Kun ji baki!)

Na sa safar hannu, na cuɗa, na binne zaren, saura in cusa a ƙashin saniyar da na tanada, sai ga babban mai jarrabawa ya shigo, wani dattijon farfesa ɗan Tsafe. To ya zan yi? Na durƙusa gaishe shi da dunƙulen simintin a hannu.

Da ya ji daga Bungudu nake sai ya ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

Ashe Baba ne ya gina masa gida! Aka shiga: ya Inna, ya damina, ya ƙafar Baba? Ni kuwa sai "lahiya lau" nake jerawa, siminti na ɗaukar zafi a tafina kamar dafaffen dankali, ina ta matse shi don kar in yi ihu. Na manta an haska kwamfutar a bango. Layin nan ya dinga tsalle, 'yan ajinmu suka fashe da dariya.

Da na buɗe hannu, simintin ya zama dutse, ga shatin yatsuna raɗau, zaren na leƙowa. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Farfesa ya dubi bango, ya dube ni, ya ce, "To ai zarenki yana aiki, ga shi ya auna wahalarki kaf."

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Dunƙulen yana kan teburin Dakta har yau, tana nuna wa sabbin ɗalibai. Ni dai yanzu ko tuwo zan tuƙa, sai na leƙa waje na gama gaida kowa tukuna.