Yatsan Kawu Ponnusami a Sarin Amarya

"Ni fa ko idona a ɗaure aka miƙo mini sari, dogon zanen nan da matanmu ke naɗawa, shinshinawa ɗaya zan gaya maka garin da aka saƙa shi, har in gaya maka ko masaƙin ya karya kumallo ranar ko da yunwa ya hau masaƙa!"

Maganar Ponnusami ke nan, abokina, kuma ba ranar ya fara ba. Duk garinmu Kumbakonam babu shagon kofin da bai sha wannan karatu ba. Na Banaras, in ji shi, turare yake yi. Na Bangal ruwan shinkafa. Na Kanci kuwa da kunne yake gane shi, wai in ya shafa sai silikin ya gaishe shi. Sana'arsa ta gaskiya? Facin tayar keke. Tumbi kamar tukunyar biki, yatsu kamar ayaba. Iliminsa kaf na sari ya samo shi ne a jirgin ƙasa, ranar da ya ga wani ɗan kasuwar Bangal ya zura sari guda ta cikin zobe ya zaro shi sumul. Shi ke nan, farfesa ya kammala karatu.

To, sai aka tashi auren Kokila, 'yar ƙanwarsa. Ka san dangin ango ne ke kawo sarin da amarya za ta sa a ɗaura aure. Suka yi gayya suka tafi Kanci, suka zaɓo ja mai bakin zinare, ba wanda ya ce wa Ponnusami zo mu je. Kawun amarya guda! Masanin sari na duniya da kewaye! Abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.

"Ba banza suka guje ni ba," ya ce wa matarsa Alamelu. "Na roba suka sayo. Zan tona su a gaban jama'a."

"Maigida, ka ci shinkafarka ka sa albarka ka zauna. Shi ne kawai aikinka."

"Mace me ta sani a kan sari?"

Alamelu, wadda ta fara ɗaura sari tun shi yana yawo ba wando, ta harare shi ta ci gaba da aikinta.

Ranar biki zaure ya cika, algaita na tashi, ganga na amsawa. Aka ɗora sarin a faranti da kwakwa da furanni, ana zagayawa da shi manya suna taɓawa suna sa albarka, kafin amarya ta je ta canja. Mai duba taurari ya riga ya yanke sa'a, kuma sa'a in ta wuce ta wuce, sai dai a jira wani watan, a sake dafa wa ɗaruruwan mutane abinci.

Faranti ya iso gaban gogan naka. Kowa taɓawa yake ya wuce. Shi sai ya warware bakin sarin, ya shinshina, ya kara a kunne, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga mutuwa.

"Jama'a, a dakata da ganga! Siliki na gaskiya ta cikin zobe yake wucewa. Yanzu za mu gani."

Ya kama zobensa zai cire. Ina! Zoben tun yana saurayi ya sa shi, yatsa kuwa ya ci gaba da cin abinci. Ya murɗa, ya ciza, da ƙyar ya kawo shi gaɓa, nan ya ƙi gaba. Mai hankali da sai ya ce wasa nake. Ponnusami sai ya zare tsinken gashi daga kan matarsa, ya cusa gezar sarin ta ɗan ramin da ke tsakanin zobe da yatsa, ya kamo ta ɗaya gefen da haƙori, ya ja.

Geza ta wuce. Ƙullinta ya wuce da ƙyar. Sai bakin zinaren nan mai kauri kamar tabarma ya shiga, ya zauna daram. Gaba ta ƙi, baya ƙulli ya tare.

"Kun gani ko!" ya ce, gumi na bin gashin bakinsa. "Bai wuce ba! Jabu ne!"

Kakar ango, Pankajam, tsohuwar da ita ta zauna a gidan masaƙin ta zaɓi launi, ta dogaro sanda ta iso.

"Kai ɗan nan, na zobe ai audugar Bangal ce, mai shara-shara kamar fatar albasa. Wannan na Kanci ne, shi da nauyinsa yake taƙama. Gobe ma ka zura katifa a hancin allura ka ce jabu ce. Sakar mana kayanmu."

"Yanzu-yanzu, Kaka. Dabara ce, akwai yadda ake yi."

Ya ja, yatsa ya kumbura. Ya murɗa, yatsa ya koma launin gauta. Wani ya ce a kawo man kwakwa.

"Mai a sarin amarya? In ɗigo ɗaya ya taɓa shi, da sandar nan zan wanke!" in ji Kaka.

"To ruwan sabulu?"

"Siliki ne, ba kwanon cin abinci ba."

"Almakashi fa? A ɗan yanke gezar…"

Mata suka kwashi salallami irin namu, suna buga kumatu. Almakashi a sarin aure, tun ba a ɗaura ba? Uwar amarya ta fashe da kuka tana cewa, "Yaya, me na yi maka?" Aka tura mota ɗauko maƙerin zinare ya yanke zoben, aka dawo aka ce ya tafi wani bikin a Tanjawur.

"Sari ba ya yankuwa, zobe babu mai yankawa," in ji Alamelu. "Saura yatsa. Yana da wasu tara."

Malamin ɗaurin aure ya leƙa agogo ya ce sa'a fa tana tafiya, shi ba zai riƙe wa kowa taurari ba.

Haka aka tasa Ponnusami zuwa ɗakin shiri. Ya tsaya a waje, fuska a bango, hannu ɗaya a cikin ƙofa, mata na ciki suna naɗa wa Kokila sari suna fizgar hannun kamar igiyar rijiya.

"Kawu, ɗaga sama! Kawu, sassauta! Kawu, in ka waigo na rantse sai na gaya wa kowa!" in ji Kokila daga ciki.

Abokina, da ka ga fitowar amarya. Kokila a gaba kamar wata ɗan sha huɗu, bakin sari ya sauko ta kafaɗarta, a ƙarshensa kuma ga kawu a rataye, yana tafe a duƙe. Ta zauna, ya durƙusa. Ango ya ɗaura mata zaren aure a wuya, aka watsa shinkafar albarka, rabi a kan sanƙon kawu ta sauka. Sai malam ya ƙulla bakin sarin da mayafin ango don su zagaya wutar ibada da aka hura a zauren yadda al'adarmu take, ƙulli ya faɗa daidai kan yatsa.

"Wayyo! Malam, a hankali!"

"Yi shiru, ana addu'a."

Ango a gaba, amarya a tsakiya, masanin sari a baya yana ɗingishi, hayaƙi na shiga idonsa, masu hoto na binsu. Mai algaita dariya ta ƙwace masa har algaitar ta yi kukan akuya.

Da aka gama, Kaka Pankajam ta tambayi malam da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma zai ji:

"Malam, duk wanda ya zagaya wuta a cikin ƙullin nan, an ɗaura da shi ko?"

"Haka littafi ya ce, Kaka."

"To mu amarya ɗaya muka nema, ga shi an ba mu biyu. Ita mai gashin bakin, ta iya girki?"

Alamelu ta miƙe ta gyara sarinta.

"Ba ta iya komai ba sai surutu, Kaka. Amma ku yi haƙuri ku tafi da abarku. Mu a gidanmu ba a dawo da amarya."